Abin da Mai Jar Riga Ke Gani Kafin a Hau Tsauni

Ba ta tambayi sunana ba sai da ta gama kallon ƙafafuna. Ƙarfe tara saura kwata ne na safe, a gindin wani tsauni kusa da birnin Grenoble na Faransa. Ina tsaye cikin wasu takalman roba masu tauri kamar an zuba mini ƙafa a siminti, na rungumo dogayen alluna biyu da sanduna biyu yadda yaro ke rungumo itacen girki. Matar za ta kai shekara hamsin. Rana ta ƙona mata fuska in ban da zagayen idanu inda tabarau ke rufewa, kuma tana sanye da jar rigar nan da malaman zamiyar ƙanƙara na ƙasar suka yi suna da ita. Ta durƙusa, ta ɗaga ƙafar wandona, ta yi magana da Faransanci. Ɗan yayata, wanda ke karatu a can kuma shi ya jawo ni wannan rigima, ya ƙunshe dariya.

"Kawu, wai safa nawa ka sa?"

"Biyu mana. Da wannan sanyi ai ko uku ba su yi yawa ba."

Nan take ta mayar da ni ɗakin canza kaya. In cire safa ɗaya, in zaro wandon jins ɗin da na cusa cikin takalmi, in dawo. Ina tafiya ina ƙunƙuni, ni da na biya kuɗin awa biyu ga shi minti goma sun tafi a kan safa. Sai daga baya na gane cewa darasin ya riga ya fara tun sa'ad da ta hango ni daga nesa, kuma kafin in buɗe baki ta gama sanin irin safiyar da ke gabanta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan a baki ba shi da wuyar faɗa. Mutum ya ɗaura allo dogo siriri a kowace ƙafa, kujerun da waya ke ja su hau da shi saman tsauni, sa'an nan ya zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara yana karkata dama da hagu don rage gudu. Wuyar tana wajen cewa jikin ɗan Adam bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Duk abin da hankali ke umartar mai tsoro ya yi a kan gangare, shi ne abin da zai kayar da shi. Don haka mai koyarwa ba ƙafafu kaɗai yake koya wa aiki ba. Da zuciya yake kokawa, kuma labarin zuciya a tambayi fuska.

Batun safa ba tsegumi ba ne. Takalmin zamiya an yi shi ne ya kama ƙafa da ƙwauri tsam, domin ta nan ne motsin jiki ke isa ga allo. In aka ninka safa, takalmi ya ƙara matsewa, jini ya rage gudu, yatsu su fi yin sanyi fiye da in safa ɗaya ce. Safar ta sama kuma ta tattare ta zama ƙulli, ɗinkin wando ya kwanta a kan ƙashin ƙwauri, bayan rabin awa mutum ya fara jin kamar ana goga masa dutse. Wanda ƙwaurinsa ke ciwo kuwa ba zai yarda ya jingina shi gaba ba, sai ya koma baya, kuma komawa baya ita ce uwar kowace faɗuwa. Malamar ba safa take gani ba, faɗuwar ƙarfe goma take hange. Haka yake da auduga, wadda ke shan gumi ta riƙe shi har ya huce ya zama sanyi a jiki. Haka yake da takalmin aro da ya yi wa mutum yawa, da safar hannun ulu da za ta jiƙe tun faɗuwar farko. Akwai ma wanda zai zo ya sa takalmin dama a hagu, maɗaurai suna kallon juna maimakon su kalli waje. Wannan kam malamai ba sa jin haushinsa, don bai ɓoye komai ba. Kowa ya ga sabon shiga ne.

Wanda ke ba su aiki shi ne mai baki. A Faransa an raba hanyoyin tsauni da launi huɗu: kore don masu koyo, shuɗi, ja, sai baƙi wanda ya fi kowanne wuya da haɗari. Kusan kowane aji na manya ba ya rasa mutum guda da zai gyara tsayuwa ya ce, "Ai na taɓa yi shekara goma da suka wuce, har baƙar hanya na sauko." Ƙwararren malami ba ya musu da shi, ba ya kuma gaskata shi. Saukowa daga baƙar hanya ba shaida ba ce, ai ko buhun dankali in aka tunkuɗo shi zai iso ƙasa. Sai ya sake tambayar ta wata fuska: yaya kake tsayawa in ka so tsayawa? Wace hanya ce ka ji daɗinta har ka so komawa? In amsar ta zo da kame-kame, an gane. Sa'an nan kafin kowa ya hau kujera, a sa ɗalibai su zamo ɗaya bayan ɗaya a ɗan gangaren da ke gindin tsauni, taku hamsin kawai. Kwana biyu na farko da mutum zai yi, wato karkatawar dama da ta hagu, sun isa su tona abin da baki ya rufe.

Wannan cika baki yana da tsada, kuma ba malami ne ke biya ba. A shagon haya, kafin a ba mutum alluna, ana tambayarsa nauyinsa, tsawonsa, shekarunsa da gwanintarsa, a kuma auna tsawon takalminsa. Da waɗannan ake saita mariƙin da ke maƙale takalmi a jikin allo, wanda aka ƙera domin ya saki ƙafa in mutum ya faɗi da ƙarfi. Wanda ya ce shi gwani ne, za a ɗaure masa mariƙi tamau. Ranar da ya faɗi allo ya murɗe, mariƙi ya ƙi saki, gwiwa ce za ta saki a madadinsa. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa na daga cikin raunukan da aka fi sani a wannan wasa, kuma jinyarta watanni ce. Shi ya sa za ka ga malami ya sunkuya kamar yana kaɗe ƙanƙara daga allon ɗalibi, alhali lambar da ke jikin mariƙi yake dubawa.

Tantance ɗalibai kafin a fara ba sabon abu ba ne. Hannes Schneider, ɗan ƙasar Ostiriya da aka haifa a 1890, wanda ya kafa makarantarsa a garin St. Anton a farkon shekarun 1920, shi ake jingina wa tsarin raba masu koyo aji-aji gwargwadon iyawarsu, kowane aji da abin da zai ƙware a kai kafin ya wuce gaba. Matakin farko a tsarinsa har yau shi ne na farko a kusan ko'ina: a haɗa bakin alluna a gaba, a buɗe su a baya, su zama kamar kan kibiya, sai gudu ya ragu. Faransawa na kiran wannan chasse-neige, wato garmar ƙanƙara. A Amurka kuwa, inda Schneider ya koma a 1939 bayan 'yan Nazi sun tsare shi, malamai kan ce wa yara su yi yankan fiza. Amma duk kyan tsarin aji, yana da rami guda. In mutum ɗaya ya shiga ajin da ba nasa ba, mutum tara sun yi asarar safiyarsu, ko dai suna tsaye cikin sanyi suna jiransa, ko shi yana biye da su zuwa inda zai karye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne alamomin da suka fi tayar wa malamai hankali ba daga mugunta suke fitowa ba. Ƙauna ce ke kawo su.

Ga miji ya rako matarsa, yana murmushi, ya ce wa malami, "Na ɗan nuna mata jiya." Wannan jumla guda ta isa. Malami ya san fassararta: jiya da yamma mutumin ya hau da ita can sama don ta ga kyan wuri, ya tsaya a ƙasa yana ɗaga murya, "Ki karkato kawai, ba wuya!", ita kuma ta sauko rabin tsauni a zaune, da hawaye, ba su yi wa juna magana a wurin cin abincin dare ba. Shi ya koyi wasan tun yana ɗan shekara biyar, ya manta ma cewa koyonsa ake yi. Matar da ke gaban malami yanzu ba sabuwar ɗaliba ba ce da za a fara rubutu a allonta fari fat. Sai an wanke allon tukuna. Za ka gane ta da yadda take satar kallon saman tsauni, da yadda take ba da haƙuri tun ba ta yi laifin komai ba. Dabarar farko a nan ba ta shafi ƙafa ba. Malami zai nemi hanyar sallamar mijin cikin mutunci, ya ce masa hanyar can ta gabas ta yi kyau yau, ya je ya more, su haɗu ƙarfe goma sha biyu. Na ga an yi wannan a gabana. Mutumin na ɓacewa a kwana, kafaɗun matar suka sauka kamar an sauke mata tulu.

Wajen yara abin ya fi haka. Makarantar zamiya ta Faransa, wadda ake kira ESF a taƙaice, an kafa ta a 1945, kuma tana karɓar yara tun daga shekara uku a wani ɗan fili mai shinge da ake kira Piou-Piou. Daga nan yaro ke hawa matakai, kowanne da lambar da ake maƙala masa a riga: Ourson, Flocon, sa'an nan tauraro na ɗaya, na biyu, na uku, har zuwa na zinariya. Lambobin nan abin alfahari ne a gidajen Faransawa. To uban da ya zo ranar farko yana tambayar wace lamba ɗansa zai samu ranar Juma'a, ko yana nacin a ɗaga shi aji don wai bara ya wuce wannan, malami ya san mako zai yi tsawo. Haka ma uwar da ta ce ta tafi amma ta laɓe a bayan shinge. Yaro yana ganinta, kuma muddin yana ganinta kukansa na da inda za shi, don haka ba zai daina ba. Sau da yawa minti biyar bayan ta ɓace da gaske, sai ka ga yaron ya share hanci ya shiga layi.

Amma mai kuka ba shi ne abin tsoro ba, shi ya faɗi damuwarsa. Yaron da ya yi tsit, ya daina amsa wasa, ya tsaya hannuwa a sanƙare, shi malami ke zuwa wa da sauri. Ƙananan yara sun fi manya saurin rasa ɗumin jiki, kuma ba su iya cewa sanyi ya kama su ba. Sai malami ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da na yaron, ya tambaye shi abin da ya ci da safe, yana tambayar yana taɓa safar hannunsa ko ta jiƙe, yana duba kumatu da kan hanci ko wani wuri ya yi fari, alamar sanyi ya fara cin fata. Akwai kuma wata 'yar rawa da yaro ke yi, yana matse gwiwoyi, wadda duk malamin da ya shekara biyu a aiki yake ganewa daga nesa. In aka tuna cewa yaron na cikin riga uku da wando mai haɗe da riga da hular kwano, kuma banɗaki na can ƙasa, za a fahimci dalilin da ya sa tambayar farko a ajin yara ba ta da alaƙa da ƙanƙara.

Akwai alamun da tsauni da kansa ke bayarwa, waɗannan kuwa tun kafin ɗalibai su iso ake karanta su. In rana ta narkar da ƙanƙara jiya, dare ya sake daskarar da ita, da safe gangare zai yi tauri da santsi kamar tangaran. In gajimare ya sauko, sama da ƙasa su zama fari ɗaya, ido ya kasa raba tudu da kwari, abin da Faransawa ke kira jour blanc, malami sai ya ja ajinsa zuwa hanyoyin da ke tsakanin itatuwa, inda duhun bishiya ke taimaka wa ido. Tsayi ma na da nasa. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi, iskar shaƙa kuma ta yi ƙaranci. Garin Val Thorens yana kan mita 2,300 ne, don haka baƙon da ya kwana ɗaya da zuwa daga bakin teku, ya tashi da ciwon kai yana haki a kan ɗaure takalmi, ba lalaci ke damunsa ba. Wanda ya zo da jajayen idanu da warin daren jiya kuwa, wannan wani ciwon ne daban.  Sai watan Fabrairu, lokacin hutun makarantun Faransa da ake yi shiyya-shiyya, inda layin hawa kujera kaɗai kan cinye haƙurin yaro. Sai rana ta uku, wadda malamai da yawa ke sa wa ido, lokacin da cinyoyi sun gaji amma zuciya ta fara jin ta iya.

Mu koma kaina, don ban tsira da safa kaɗai ba.

Da muka hau ɗan gangaren masu koyo, wanda a ido bai fi gangaren bakin rafi ba, na tsaya a sama na ji duniya ta karkace. Ban ce komai ba, girma ya hana. Amma jikina ya yi ta surutu. Na tura ɗuwawu baya kamar mai neman kujera. Na sunkuyar da kai ina kallon bakin alluna. Na damƙe sanduna har hannuna ya yi tsami, na ɗaga kafaɗu sun kusa taɓa kunne. Kowanne daga cikin waɗannan yana da sakamakonsa. Allon zamiya ya fi faɗi a gaba da baya, ya tsuke a tsakiya, kuma sai an danna gabansa, an kafa gefensa cikin ƙanƙara, yake yanko kwana. Mai komawa baya ya ɗage nauyi daga gaba, ya zama kamar direban da tayoyin gabansa ba sa taɓa ƙasa: mota na gudu, sitiyari ba ya aiki. Mai tsoro kuma yakan jingina jikinsa wajen tudu don a can yake ganin tsira, alhali ƙafar da ke wajen kwari ita ya kamata ta ɗauki nauyi. Wato ana bukatar mutum ya miƙa kansa ga ramin da yake gudu. Wane hankali ne zai yarda da wannan a rana ɗaya?

Malamar ba ta yi mini wannan dogon bayani ba, kuma a nan na ga gwaninta. Da ta ce "kada ka koma baya", da na ƙara sanƙarewa, don ba da sanina nake yi ba. Sai ta miƙo hannu ta karɓe sandunana ta soke su a gefe. Ta ce in ɗora tafin hannu a gwiwoyi. Ta juyo ta fuskance ni, ta fara zamewa da baya, da baya fa, tana kallona kamar muna hira a tsakar gida. Ta nuna jar rigarta, wai nan zan kalla, ba ƙasa ba. Sa'an nan ta yi wa ɗan yayata magana.

"Kawu, ta ce ba ka numfashi. Wai ka yi ƙirga da ƙarfi, da harshenmu."

Ashe tun da muka fara na riƙe numfashi ban sani ba. Ita ta gani, don a wannan sanyi duk mai numfashi tururi na fita daga bakinsa, ni kuwa babu. Haka na gangaro tsaunin Faransa, dattijo da furfura, hannu a gwiwa, ina ɗaya, biyu, uku da babbar murya. Mai ƙirga dole ya shaƙi iska, mai shaƙar iska kafaɗunsa na sauka, hannu a gwiwa kuma ya jawo ƙirji gaba ba tare da an ambaci gaba ba. Matsala huɗu ta kwance da umarnin da ko ɗaya bai kira sunan matsalar ba.

Daga baya ɗan yayata ya gaya mini abin da ake sha kafin a sa wannan riga. A Faransa doka ba ta yarda mutum ya koyar da zamiya don kuɗi ba sai da takardar shaidar gwamnati, kuma hanyar samunta na bi ta makarantar ENSA da ke Chamonix, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Shekaru ake yi. A ciki akwai jarrabawar tsere tsakanin tutoci da agogo, wadda ake kira Eurotest, inda ake auna lokacin mutum da na gwanayen 'yan tsere, kuma da yawa sai sun maimaita ta. Ka ji fa, wadda aka tantance da gudun da ke sa ido hawaye, ita ce ke yini tana zamewa da baya a gaban irina. A ganina gudun nan shi ne ƙaramin rabin sana'ar, an fi auna shi ne kawai don agogo na iya auna shi. Babban rabin shi ne idon da ya lura babu tururi a bakin ɗalibi, da sanin abin da za a yi da wannan lura. Domin duk alamun nan ba don a yanke wa ɗalibi hukunci ake tattara su ba. Amsa ɗaya suke bayarwa: a wane gangare za a tsaya yau? Malami nagari yana shigowa da shiri a kansa, ya ga safa, ya ji "na ɗan nuna mata jiya", ya dubi gajimare, ya yar da shirin ya ɗauki wani, ba tare da ɗalibi ya san an canza komai ba. Na tabbata ta so kai ni kujerar sama a awa ta biyu. Ba ta kai ni ba, ba ta kuma ce ban isa ba. Cewa ta yi ƙanƙarar nan ƙasa ta fi laushi yau.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura ta mayar mini da sandunana. Na yi mata godiya da ɗan Faransancin da na haddace, ta ɗaga yatsu uku ta ce "uku", ta ja wasalin har ya zama wata kalma. Muna cikin dariya na ga idonta ya bar fuskata ya wuce ta kafaɗata. Na waiga. Wani dogon mutum ne ke tahowa daga wajen shagon haya, ya saɓa alluna a kafaɗa bakinsu na baya yana kaɗa mutane, yana jaye da wata 'yar yarinya mai kimanin shekara biyar wadda hular kwanonta ta rufe mata ido, kuma tun daga nesa yana nuna mata ƙololuwar tsauni da sanda. Malamar ta ja zik ɗin rigarta har wuya, ta zare safar hannu ɗaya, ta nufi yarinyar, ta durƙusa a gabanta kafin ta gaida uban.